Ɗalibaina suna kulle a gida, sun daina amsa ayoyin da nake tura musu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar darasin addini ce a sakandare, ɗalibaina 'yan shekara 13 zuwa 18 ne. An rufe makaranta saboda annoba, kowa yana gida. Kullum da safe ina tura musu aya ko hadisi a zaurenmu na WhatsApp. Da farko suna amsawa, yanzu sai biyu ko uku su ce "amin", sauran shiru. Wata ma ta rubuto mini a keɓe cewa tana ganin Allah fushi yake yi da mu, kuma ita ta gaji da komai. Yaya zan ƙarfafa musu gwiwa da Alƙur'ani ba tare da na gundure su ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, ya yaye mana wannan annoba. Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma wadda kika sa a ƙarshe ita ce ta gaggawa, don haka da ita zan fara.

Yarinyar nan da ta ce ta gaji da komai, ki kira ta yau. Kira nake nufi, murya da murya, ba rubutu ba. Ki bi ta hannun mahaifiyarta, ku gaisa, ki ce kina jin lafiyar ɗalibanki ne, sannan ki nemi a ba ki yarinyar. In ta karɓa, kada ki fara da aya. Ki ce, "Na ga saƙonki, na gode da kika faɗa mini. Gajiyar nan, yaya take?" Sai ki yi shiru. Za ta ce "ba komai, Malama." Za ki ji hayaniyar ƙanne a bayanta, wataƙila ki ji ta tashi ta koma wani lungu ta rage murya. Ki daure wa shirun nan ko ya yi tsawo, abin da za ta faɗa bayansa shi ne maganar. Ki tambaye ta barci, ki tambaye ta cin abinci, ki tambaye ta ko akwai abin da har yanzu yake ba ta dariya. In amsoshin sun yi nauyi, ki tambaye ta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta ko na mutuwa yana zo mata. Malamai da yawa suna tsoron wannan tambaya, suna ganin za su sa wa yaro abin da babu a ransa. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa tambayar ba ta haifar da tunanin, sauƙi ma take kawo wa wanda yake ɗauke da shi shi kaɗai. In ta ce e, maganar ta wuce ni da ke: a ranar iyayenta za su sani, a nemi likita, a kawar da magunguna da duk abin da za ta iya yi wa kanta illa da shi. Kada ki yi mata alkawarin ɓoyewa a kan wannan. Haka nan in ƙuncin ya kai mako 2 kusan kullum, ta daina jin daɗin abin da ta saba so, barci da ci sun rikice, to alamun ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934 Miladiyya, ya riga ya bambance a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashi, da wanda yake lulluɓe mutum babu dalilin da ake gani, ya kuma danganta na biyun da jiki.

Galibi dai ba za ta kai nan ba. Galibi yarinya za ki tarar mai kewar ƙawayenta, mai fargabar jarrabawa, wadda ba ta da wanda za ta faɗa wa. Amma ba za ki sani ba sai kin kira.

Sauran da suka yi shiru, kada ki fassara shirunsu da ƙin addini. Ki duba abin da aka ɗauke musu. Ɗan shekara 15 rayuwarsa tana wurin sa'anninsa, domin a shekarun nan ne ɗan'adam yake ɗan janye jiki daga iyaye ya nemi matsayinsa cikin abokai. Babba in an kulle shi a gida aikinsa ya rasa, matashi kuwa mutanensa ya rasa. Ga tsarin yini da makaranta take ɗora masa ya tafi, yau da jiya duk sun zama ɗaya. Ga kuma barci. Jikin mai tasowa yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma bayan balaga barci ba ya zo masa da wuri kamar da. Makaranta ce take ja masa birki. Yanzu yana kan waya har tsakar dare ya gota, ya yi asuba da ƙyar ko ya makara, ya farka da hantsi da nauyin kai da jin laifi, saƙonki na sassafe ya nutse ƙarƙashin wasu. Mun ga haka lokacin korona. A Afrilun 2020 ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nuna ɗalibai kusan biliyan 1.6 aka rufe wa makarantu a ƙasashe sama da 190, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, matasa da mata suka fi jin jiki.

Sai kuma abin da zai ɗan yi miki ɗaci: saƙon da aka tura wa aji guda ba na kowa ba ne. Aya a cikin hoto mai furanni, yaran suna samun irinta kullum daga gwaggo da kawu da maƙwabta. Sun iya rubuta "amin" ba su karanta ba, daga baya su daina rubutawar ma. Ayar ba ta da laifi, hanyar isowarta ce. A aji kina da fuskokinsu, labarin zuciya kuwa fuska ake tambaya. Yanzu da babu fuskar, abin da ya rage miki shi ne sunan yaro da muryarki da tambaya.

A nan nake so ki tsaya ki kalli yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi da yara da samari, domin aikin naki duk yana ciki.

Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami, ana yi masa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Annabi ya gan shi jugum, sai ya ce, "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Asalin hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Mutumin da yake ɗauke da nauyin al'umma guda bai ce wa yaro ai tsuntsu ne kawai ba. Ɗalibinki da yake jimamin gasar ƙwallo da aka soke, ko bikin kammala makaranta da ba za a yi ba, shi ma tsuntsunsa ne ya mutu. In kika ce masa "wasu fa rayukansu suke rasawa," gaskiya kika faɗa, amma ba zai sake gaya miki komai ba.

Abdullahi ɗan Abbas kuma, wanda shekarunsa ba su wuce 13 ba lokacin wafatin Annabi, wata rana yana bayansa a kan abin hawa, sai Annabi ya ce masa, "Ya kai yaro, zan koya maka wasu kalmomi: ka kiyaye Allah, zai kiyaye ka." Tirmizi ya ruwaito shi, shi ne na 19 a Arba'una ta Nawawi. Kalmomi kaɗan, ga mutum ɗaya, a kusa da juna. Yaron ya riƙe su har tsufansa.

Amma wanda ya fi dacewa da halin da kike ciki shi ne hadisin Malik ɗan Huwairis a cikin Bukhari. Ya ce sun zo wurin Annabi suna samari sa'annin juna, suka yi kwana 20 a wurinsa. Annabi mai tausayi ne mai sauƙin hali, da ya lura sun yi kewar iyalansu sai ya tambaye su waɗanda suka baro, suka ba shi labari. Sai ya ce su koma cikin iyalansu su zauna, su koyar da su, su yi salla kamar yadda suka ga yana yi, in lokaci ya yi ɗaya ya kira salla, babbansu ya yi limanci. Ki lura, ba su suka kawo kuka ba, shi ya gano. Bai ɗauki kewa raunin imani ba. Ya tambayi labarin gidajensu. Kuma da zai mayar da su gida bai mayar da su hannu rabbana ba, da aiki suka tafi. Matashi ba ya son a riƙa lallaɓa shi kamar majiyyaci, so yake a nuna ana buƙatarsa. Lokacin korona akwai wani yaro cikin ɗalibaina da ban taɓa ganin amsarsa a zaure ba. Dokar hana zirga-zirga ta rutsa da mahaifinsa a wani gari, sai na ce masa shi zai riƙa jan ƙannensa salla. Bayan 'yan kwanaki sai ga kiransa bayan magariba, ko gaisuwar kirki babu: "Malam, na miƙe ban yi zaman tahiyar farko ba, kuma duk sun bi ni. Ƙabli zan yi ko ba'adi?" Daga ranar shi yake nemana da tambayoyi, har da waɗanda ba su shafi salla ba. Ki nema wa kowane ɗalibi irin wannan. Wannan ya riƙa biya wa ƙanensa karatu, wannan ta riƙa karanta wa kakarta surar da take so, wancan mai murya ya ɗauki karatun mako ya tura wa aji, waccan mai rubutu ta taƙaita labarin da aka karanta.

Dangane da abin da za ki karanta musu, ki fifita ƙissa a kan umarni. Umarni sun san shi, shi ne ma yake damunsu da dare in sun tuna ba su cika ba.

Ki fara da Walluha. Duk sun haddace ta tun suna ƙanana, amma kaɗan ne suka san dalilin saukarta. Bukhari ya ruwaito daga Jundub cewa Annabi ya yi rashin lafiya bai tashi sallar dare ba kwana 2 ko 3, sai wata mata ta zo ta yi masa gori cewa an yashe shi. Sai sura ta sauka, aya ta 3 tana cewa Ubangijinka bai rabu da kai ba, bai kuma ƙi ka ba. Bayan nan Allah ya tuna masa abin da ya wuce, maraici da neman shiriya da talauci, da yadda aka fitar da shi daga kowanne. Ya rufe da ba shi aiki: maraya, mai tambaya, da faɗin ni'ima. Ki ce kowa ya rubuta a takardarsa, ba a zaure ba, lokuta 3 da ya taɓa shiga ƙunci Allah ya fitar da shi. Ba sai ya nuna miki ba.

Suratu Maryam, aya ta 22 zuwa 26, ita ce na fi son a karanta da 'yan mata, ko da yake samari ma suna buƙatarta. Mace tsarkakakkiya, zaɓaɓɓiya, ta keɓe a wuri mai nisa ita kaɗai, naƙuda ta kai ta jikin kututturen dabino, har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan ta zama abin da aka manta. Alƙur'ani bai ɓoye wannan magana ba, kuma ba a tsawata mata a kai ba. Abin da aka ce mata shi ne kada ki yi baƙin ciki, ga ƙorama a ƙarƙashinki, ki girgiza kututturen, nunannen dabino zai zubo miki, ki ci ki sha ki kwantar da hankali. Ki tambaye su: mace mai naƙuda, wane ƙarfi gare ta na girgiza dabino? Wanda ya ɓuɓɓugo mata da ruwa ba zai iya zubo mata da 'ya'yan ba? Ki bar su su yi ta juya tambayar. Su da kansu za su iso wurin da kike so, cewa an sa ta motsa hannu ne ko da motsin bai taka kara ya karya ba. Daga nan maganar tashi daga gado, a yi wanka, a ci abinci a kan lokaci, a motsa jiki, ta zama tafsiri, ba faɗan iyaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 na motsa jiki kullum take ba da shawara ga 'yan shekara 5 zuwa 17. A cikin gida da wuya a cika, amma tsalle da igiya da shara da ɗibar ruwa duk suna shiga lissafi.

Suratu Yusuf kuwa aikin makonni ce. Aya 111, labari ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya fara da yaro. Ki yanka ta kashi-kashi, ki riƙa tsayawa inda rai yake son ci gaba: an bar shi a rijiya, sai mako mai zuwa. Ki bar musu tambaya, alal misali me ya fi yi masa ciwo, duhun rijiyar ko hannuwan da suka jefa shi? A kurkuku, inda ya yi shekaru saboda wanda ya roƙa ya ambace shi wurin sarki ya manta, samari biyu sun ce masa suna ganinsa cikin masu kyautatawa. Wato ko a kulle an san shi da amfanar mutane. Sai dai wanda nake so ki daɗe a kansa shi ne Annabi Yaƙubu. Shi ne ya ce haƙuri mai kyau, har sau biyu, a aya ta 18 da ta 83. Shi ne kuma a aya ta 84 idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Da 'ya'yansa suka ce ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya halaka, ya ce shi wurin Allah yake kai kukansa da baƙin cikinsa, nan take kuma ya tura su nema, ya ce kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Yaranmu da yawa sun tashi da fahimtar cewa mai haƙuri shi ne wanda ba ya kuka, don haka duk wanda ya yi kuka sai ya ƙara wa kansa laifin rashin imani a kan baƙin cikinsa. Waɗannan ayoyi suna sauke musu wannan nauyi. Annabinmu ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Samarin kogo ma suna nan a Kahfi, tunda da yawa suna karanta ta ranar Juma'a, ki sa su haddace addu'arsu ta aya ta 10. Haka addu'ar Annabi Yunusa a Anbiya, aya ta 87, tare da ta 88 da ta ce haka ake tserar da muminai. Ƙissoshin halakar Adawa da Samudawa gaskiya ne, suna da ranarsu, amma ba da su ake fara wa yaron da tsoro ya riga ya cika ba.

Yanzu batun fushin Allah. Ba yarinyar nan kaɗai take tunaninsa ba, ita ce dai ta furta, don haka ki amsa wa ajin duka ba tare da kin ambace ta ba. Nana A'isha ta tambayi Annabi game da annoba, ya ce azaba ce da Allah yake aika wa wanda ya so, amma ya mayar da ita rahama ga muminai, kuma duk bawan da ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada, ya san babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta masa, yana da lada irin na shahidi. Bukhari ya ruwaito, a wata ruwaya ta Ahmad ma cewa aka yi ya zauna a gidansa. Sannan ki ba su tarihin annobar Amwas a ƙasar Sham, shekara ta 18 bayan Hijira. Ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin 10 da aka yi wa bushara da Aljanna, ta ɗauke Mu'azu ɗan Jabal. Wa zai iya cewa fushi aka yi da su? Babu wanda yake da ikon duban mara lafiya ya karanta hukuncin Allah a kansa. Kuma labarin Sayyidina Umar a wannan annoba matasa suna sonsa, saboda manyan sahabbai ne suka yi saɓani a fili. Ya taso zuwa Sham, a wani wuri da ake kira Sarg aka tare shi da labarin cutar. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai ga Abdurrahman ɗan Aufu da hadisin cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. To zaman da suke yi a gida ba tsoro ba ne, ba kuma hukunci ba ne, bin umarni ne mai lada in an yi niyya. Wanda yake jin zafin rasa jam'i, ki gaya masa hadisin Abu Musa cewa bawa in ya yi ciwo ko tafiya ana rubuta masa irin abin da ya saba yi yana lafiya yana gida, kuma malamai sun shigar da wanda uzuri na gaskiya ya tsare a cikin wannan.

Sai dai ki sani, sau da yawa yaron da ya ce Allah yana fushi da mu, "da ni" yake nufi. Akwai sallolin da suka kuɓuce masa, akwai abin da ya kalla a waya da dare. Kada ki tono. Ki karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda Allah ya kira waɗanda suka yi wa kansu ɓarna da "bayina" ya hana su yanke ƙauna, ki ce ƙofar tuba ba a kulle ta tare da makaranta ba. Wanda maganar ta shafa ya ji.

Ta fuskar tsari, ki rage. Sau 2 ko 3 a mako ya isa, da muryarki, kada ya wuce minti 2, ki ƙare da tambaya, ki ce a amsa miki a keɓe. Matashi ba zai buɗe cikinsa a gaban aji ba. Ki haɗa su biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, su riƙa kiran juna suna sauraron hadda. Haddar riba ce, amma babbar ribar ita ce kullum akwai wanda yake jiran muryarsa. Kada ki ɗora da yawa. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, kusan kowane shafi layi 15. Layi 3 kullum shafi guda ne a kwana 5, kuma wanda ya riƙe haka ya fi wanda ya ɗauki izu guda ranar farko ya ajiye ranar uku. Hadisin A'isha ne cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko kaɗan ne. Salloli 5 su ne tsarin yini da ba a rufe ba, ki sa su jingina komai da su: karatun makaranta bayan walaha, hadda bayan la'asar, a ajiye waya awa guda bayan isha. In abu ɗaya kawai za ki yi faɗa a kai, ki yi a kan lokacin kwanciya, asuba za ta biyo baya. Ki kuma koya musu addu'ar da Anas ya ce yana yawan jin Annabi yana yi, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da gajiyawa da kasala.

Zan ɗan ratse a nan. Duk lokacin da aka kulle mutane sai an yi ta yaɗa labarin malamin fiƙihu Sarakhsi, da ya yi shiftar babban ɓangaren littafinsa al-Mabsut yana tsare, da na masanin kimiyya Isaac Newton, da annobar 1665 ta kora daga jami'ar Kambirij ya koma gida ya yi bincikensa. Labaran suna da kyau, amma ni ba na ba wa matashi mai ƙunci su. Wanda yake fama da tashi daga gado, in ka ce masa wani ya rubuta littattafai a kurkuku, abin da yake ji shi ne shi ba komai ba ne. A ajiye su don 'yan kaɗan ɗin da ƙarfinsu ya yi yawa suna neman inda za su zuba.

Ki tuna kuma gidaje ba ɗaya ba ne. Wani kaɗaici ne yake damunsa, wani kuwa cunkoso, ba shi da inda zai zauna minti 5 shi kaɗai. Wata aikin gida duk ya tare a kanta tun da aka ce ba makaranta. Wani wayar ta yayansa ce, sai dare ake ba shi, wani ba shi da kuɗin data, don haka kada ki taɓa kiran sunayen waɗanda ba su amsa ba a zaure. Irin waɗannan kira na minti 3 ta wayar iyaye ya fi musu. Akwai kuma gidan da makaranta ce mafakar yaro daga duka ko cin zarafi. In kika ji ƙamshin haka, wannan ba wurin wa'azin haƙuri ba ne, ki sanar da shugabar makaranta a bi hanyar da aka tanada don kare yara. Saƙonnin da ake turawa na cewa an ga sunan cutar a wata aya, ko wanda bai tura wa mutum 10 ba masifa za ta same shi, ki mayar da su darasi: duk wanda ya ga irinsu ya kawo, a tambayi wa ya ruwaito, a wane littafi. Wannan aiki yana burge samari, suna son kama ƙarya.

In kina da ɗalibai Kirista, kada ki bar su a baya, kuma kada ki yi musu karambani. Ki nemi abokiyar aiki Kirista ta ɗauki nauyinsu. Littafinsu yana da abin da zai riƙe su: Zabura ta 13 da ta fara da tambayar har yaushe, labarin Iliya a 1 Sarakuna sura 19 da ya roƙi mutuwa aka ba shi abinci da barci kafin a yi masa magana, da wasiƙar Filibiyawa da Bulus ya rubuta yana ɗaure.

Ke kaɗai ba za ki iya kiran kowa ba, in kika gwada kafin wata guda kin ƙone. Ki raba ɗaliban da sauran malamai, kowa ya ɗauki 'yan kaɗan da zai riƙa jin muryarsu sau ɗaya a mako. Samarin da suka girma, malami namiji ya kira su. Kira ya zama da sanin iyaye, da rana, kuma ki sa wa kanki lokacin rufe waya, ki sanar da su lambar da za a nema in abin gaggawa ya taso da dare. Allah ya taimake ki, Malama.